Saniyar Roba a Kan Dutse: Tarihin Babur ɗin da Aka Yi wa Garkuwar Iska

Daga ƙauyen Prato da ke can arewacin Italiya, hanya tana bin gefen wani rafi mai ruwan ƙanƙara, tana hawa sannu-sannu har ta wuce Trafoi. Daga nan itatuwa sukan fara ƙarewa, dutse ya tsaya maka a gaba kamar katanga. In ka ɗaga kai sai ka hangi kwalta ta manne a jikinsa, ta tafi dama, ta karyo hagu, ta sake komawa dama, har ido ya gaji da ƙirga. Lanƙwasa 48 ce, kowace da lambarta a bakin hanya. Mai hawa da ta 48 yake farawa, ta 1 kuwa tana jiransa a ƙoli. Wannan ita ce mashigar Stelvio a tsaunukan Alps, mita 2,757 sama da teku. Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ke nan mai babur a Stelvio yana tuƙi ne sama da inda ƙolin ƙasarmu ya tsaya.

Hanyar ta girmi babur da shekaru masu yawa. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, yankin Lombardi ya faɗa hannun Daular Ostiriya a 1815, sarki kuwa yana son hanyar da sojansa da wasiƙunsa za su bi zuwa Milan ba tare da sun taka ƙasar Siwizalan ba. Injiniya Carlo Donegani ne ya zana ta, aka yi aikin daga 1820 zuwa 1825. Awon da ya yi na keken doki ne: hawan da dabba za ta iya jurewa, da lanƙwasa matsattsiya, tun da keken doki ba gudu yake yi ba. Har yau shatin nan bai canja sosai ba. Shi ya sa babur komai ƙarfinsa, in ya zo nan, dole ya bi awon dawaki.

Amma kafin a kai gindin dutsen akwai wata tafiyar. Bajamushen da ya taso daga Munik sai ya share sa'o'i a kan hanya, manyan titunan ƙasarsa kuwa a wurare da yawa ba a ƙayyade musu gudu ba. A farkon shekarun 1970 babura sun riga sun kai ƙarfin yin kilomita 200 a awa, sai dai jikin ɗan Adam bai kai nan ba. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a babur cikin hunturu ya san yadda iska ke dukan ƙirji, ta fizgi hular kwano, wuya ya ƙage, yatsu su sandare. Bugun iska kuma yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: ka ninka gudu sau biyu, bugun ya ninka sau huɗu. Sai mutum ya iso bakin lanƙwasar farko a galabaice, a daidai wurin da ake neman dukan hankalinsa. Zaɓi biyu ne a kasuwa lokacin: ko babur mai zafin nama da zai ciwo maka baya kafin azahar, ko ƙaton babur na yawo mai gilashi a tsaye kamar ƙyaure, wanda ba ya son shan kwana.

Kamfanin BMW na Munik yana da dalilin damuwa da wannan. Injin jirgin sama ya fara ƙerawa, da yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus wannan sana'a sai ya nemi wata. A 1923 Max Friz ya fitar da R32, da tsarin da kamfanin ya riƙe shekara da shekaru: silinda biyu a kwance, ɗaya ta leƙo dama, ɗaya hagu, iska na sanyaya su, sannan a maimakon sarƙa, wata sandar ƙarfe mai juyawa irin farfelar mota ce ke kai ƙarfi ga tayar baya. Boksa ake kiran irin wannan inji, saboda fistin ɗin biyu suna kai da komo kamar hannuwan ɗan dambe. Kada mai karatu ya haɗa shi da Boxer ɗin 'yan acaɓa, wancan suna ne kawai da kamfanin Bajaj na Indiya ya raɗa wa babur mai silinda ɗaya.

Baburan BMW sun yi suna wajen ƙarko, amma zuwa ƙarshen shekarun 1960 kallon abin hawan dattawa da 'yan sanda ake yi musu. Sai ga Japanawa. Honda ya fitar da CB750 a 1969, silinda huɗu da birkin faifai a gaba. Kawasaki ya biyo da Z1 a 1972 mai ƙarfin doki 82. Sun fi gudu, sun fi araha, kuma cikin 'yan shekaru masana'antar babur ta Ingila ta durƙushe a gabansu. BMW, wanda ya mayar da ƙirar baburansa Spandau a birnin Barlin a 1969, ya gane cewa in gasar ƙarfin inji za a yi, ba zai kai labari ba.

Wanda ya nemo wata ƙofar mai zane ne. Hans Muth aikinsa cikin mota, kujeru da allon gaban direba, wato wurin da jikin mutum ke haɗuwa da ƙarfe, kuma ina ganin wannan ne asirin abin da ya yi. Da goyon bayan Bob Lutz, shugaban sashen ciniki na lokacin, ya zana R90S a 1973, da ɗan murfi kewaye da fitila da fenti mai rikiɗa kamar hayaƙi. Babur ɗin ya karɓu, har Reg Pridmore ya ci gasar Superbike ta Amurka a kansa a 1976. Sai dai murfin nan a jikin kan babur aka ɗaure shi, duk abin da iska ta yi masa sai hannun mahayi ya ji. Muth ya ƙara gaba: garkuwa cikakkiya, tun daga saman fitila har ƙasan inji, a ɗaure a jikin ƙashin babur ɗin, kai kuma yana juyawa a cikinta shi kaɗai. Aka kai ta ɗakin gwajin iska na Pininfarina kusa da Turin, inda ƙatuwar fanka ke hura iska a kan abin hawa yana tsaye, ana auna inda ta danne da inda ta ɗaga. An yi babura masu rufi kafin nan, Vincent da Ariel na Ingila sun gwada a shekarun 1950. Amma R100RS da ya fito a 1976 shi ake lissafawa na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa da cikakkiyar garkuwar da aka gyara a ɗakin iska.

A takarda ba abin tayar da hankali ba ne: inji cc 980, ƙarfin doki 70, gudu kilomita 200 a awa, tanki lita 24, nauyi kusan kilo 230 in an cika mai. Launinsa azurfa mai ratsin shuɗi, a allon gabansa har da agogon lokaci da ma'aunin batir kamar mota. Farashinsa kuwa yana cikin mafiya tsada a zamaninsa.

Abin da ya fara kama waɗanda suka hau shi natsuwa ce. Ka zauna, ka ɗan sunkuya, gwiwoyinka su shige lungun da aka yanka musu, hannuwanka a ɓoye bayan garkuwa. Ka ba shi wuta ya kai 160, ƙirjinka bai ji komai ba, iska tana wucewa ta saman kafaɗa tana shafar hular kwano. Ruwan sama ma, muddin kana tafiya, mafi yawansa gefe yake bi. Gaban babur ɗin kuma ba ya yin sakayau, domin an yi wa garkuwar wani ɗan tudu a kowane gefe da ke sa iska ta danne tayar gaba a ƙasa. Hatsarin da ke cikin wannan daɗi shi ne mahayi ya saba auna gudu da bugun da yake sha a jiki. Da aka ɗauke masa bugun, sai ya duba agogon gudu ya ga ya zarce inda yake zato nesa ba kusa ba.

A kan dutse ne halinsa na biyu ke fitowa. Ɗauki lanƙwasa guda ta hannun dama a hawan Stelvio, wadda ta fi wuya domin kana ta ciki, inda kwanar ta fi matsewa, hawan kuma ya fi tsayuwa. Ka taho a giya ta uku, ka kama birki tun kana miƙe, ka sauko har ta ɗaya, akwatin giyar ya amsa da ƙara kwas. Ka ɗan buɗe zuwa tsakiyar hanya, ka juya kanka gaba ɗaya ka dubi inda za ka fita, ka ƙyale katangar duwatsun da ke gabanka, domin babur inda ido ya kalla nan yake zuwa. Kan R100RS gajere ne, an matse shi don ya shige cikin garkuwa, don haka juya wannan nauyi, ga mutum ga kaya, a tafiyar hawainiya, sai da ƙarfin damtse. Tayar gaba ma ba ka ganinta. Abin da ke ceton ka shi ne silinda biyun nan da ke kwance a ƙasa: nauyin yana kusa da kwalta, babur yana kwanciya ba gardama. In ka kwantar da shi fiye da kima kuwa, murfin silinda zai karci hanya ya gaya maka ka kai iyaka.

Sai maganar saniya. Jamusawa suna kiran baburan BMW Gummikuh, wato saniyar roba, laƙabin da ɗan jaridar babura Ernst Leverkus, wanda aka fi sani da Klacks, ya raɗa musu tun kafin wannan samfuri. Duk wanda ya tashi kusa da garke ya san yadda saniya ke miƙewa daga kwance: ƙafafun baya take fara tayarwa. Haka babur mai farfela yake. Ka murɗa totur, bayansa ya ɗaga, ka saki, ya zauna. A miƙaƙƙiyar hanya wannan ba komai ba ne. A tsakiyar lanƙwasa kuwa, in gabanka ya faɗi ka saki totur farat ɗaya, babur ya durƙusa, tazarar da ke tsakanin inji da kwalta ta ragu a daidai lokacin da kake neman ta. Don haka sai ka koyi tsarinsa: ka gama birki kafin ka shiga, ka riƙe 'yar wuta ba yankewa, ka fita da ƙari a hankali. Wanda ya kama wannan tsari yakan yi lanƙwasa 48 ɗin kamar ana zare masa zare. Na fi yarda cewa nan ne ƙaunar da masu shi ke yi masa ta samo asali, domin babur ne da ke saka wa mai haƙuri nan take.

Tsawon dutsen ma yana karɓar nasa kason. A kusa da ƙoli iska ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kafireta kuwa ba ta san an hau dutse ba, mai yana yi wa iska yawa, inji ya yi nauyi. Manyan silinda biyun suna rufa asiri, domin suna ja tun daga ƙasa ba sai an yi ta kukan inji ba, a gangarar da ke sauka garin Bormio ta ɗaya gefen dutsen kuma su ne ke riƙe babur ɗin su hutar da birki. Garkuwar da kanta tana da fuska biyu. A cikin kwari da rani takan tare zafin inji a ƙafafun mahayi har ya yi ta neman inuwa. A sama, inda ƙanƙarar dutsen Ortler ke huro sanyi ko a watan Yuli, wannan zafin shi ne abin godiya.

Kasuwa ta amsa. Zuwa 1984 an ƙera sama da 30,000, kuma wani sabon jinsi ya samu suna, babur na gudu da doguwar tafiya a haɗe. Honda VFR750F da Kawasaki 1000GTR sun fito a 1986, Honda ST1100 a 1990, Yamaha FJR1300 a 2001, duk a kan wannan turba. Muth da abokan aikinsa sun bar BMW, suka zana wa Suzuki babur ɗin Katana. Shi kuwa BMW ya ɗauka zamanin boksa ya wuce. Ya fitar da K100 mai silinda huɗu da sanyayawar ruwa a 1983, wanda a 1988 ya zama babur na farko mai birkin ABS da ba ya kulle taya, kamfanin ya kuma daina ƙera R100RS. Masu saye suka ƙi yarda. A 1986 aka dawo da shi, da ƙarfin doki 60, aka ci gaba da ƙera shi har 1992, garkuwar Muth tana nan kusan yadda ya zana ta. Tashin saniyar kuma an magance shi da wani sabon hannun tayar baya mai suna Paralever, wanda ya fara fitowa a baburan BMW samfurin GS a 1987.

Ƙanƙara takan rufe Stelvio duk tsawon hunturu, sai wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni ake share ta a buɗe hanya. Daga ranar babura ke yin jerin gwano daga Prato. A filin da ke ƙoli, tsakanin sababbin da kwamfuta ke daidaita musu mai da birki, akan ga tsohon R100RS a jingine, fentin azurfarsa ya dusashe, murfin silindarsa da tabon kwalta, injinsa yana ƙas-ƙas yana hucewa.