Sikanin da ke gadin ƙodar da aka dasa

Jama'a, kusan kullum sai mun ci karo da neman taimakon dashen ƙoda a wannan dandali. Mu ɗan waiwayi tarihin na'urar da ke gadin ƙodar bayan an fito daga tiyata.

Ranar 23 ga Disamba 1954, a Boston ta Amurka, Dakta Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. A wancan zamanin, da zarar an ɗinke ciki, likita sai dai ya dogara da yawan fitsari da gwajin jini. In fitsari ya tsaya, gane dalili aiki ne ja: jijiya ce ta toshe, ko jiki ne ya ƙi baƙuwar ƙodar?

A 1958, Ian Donald na Glasgow da injiniya Tom Brown suka nuna cewa ana iya leƙa cikin mutum da sauti, ba wuƙa. Wannan shi ne sikanin ɗin da mata masu juna biyu suka sani. A shekarun 1980 kuma aka samu Doppler mai launi, wanda ke nuna gudun jini a jijiya.

Abin sha'awa, sabuwar ƙoda a gefen mara ake ajiye ta, dab da fata, don haka sikanin na ganinta sarai. Yana nuna ko jini na shiga yana fita, ko fitsari ya taru ya kumbura ta, ko ruwa ya kwanta a gefenta. Gudan jini da ya toshe jijiya a kwanakin farko na iya kashe ƙodar cikin sa'o'i. Amma fa sikanin shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa jiki ya ƙi ta. Sai an tsakuro ɗan nama da allura, shi ma sikanin ɗin ne ke yi wa allurar jagora.

A Najeriya, asibitin St. Nicholas na Legas ya fara dashe a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002.

To, masu tara gudummawa, a riƙa ware kuɗin magani, gwajin jini da sikanin na bayan tiyata. Ƙodar nan ɗan uwa ne ya sadaukar da ita, kada sakaci ya salwantar da ita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.