Emperor

emperor *suna, namiji.* Furuci: émfara. Jam'i: emperors. Ta mace: empress.

1. Sarkin sarakuna, mai mulkin daular da ta tattaro ƙasashe da al'ummomi masu harsuna daban-daban, har wasu sarakunan na kai masa gaisuwa da haraji. Ya ɗara *king* daraja, domin shi *king* galibi ƙasa guda yake riƙe da ita. *Haile Selassie ya zama emperor na Habasha a 1930, sojoji suka tuɓe shi a 1974.*

2. Laƙabin sarkin Japan a bakin Turawa. Naruhito, wanda ya hau gado a 2019, shi kaɗai ke ɗauke da wannan suna a duniya yau, ko da yake gudanar da mulki na hannun zaɓaɓɓiyar gwamnati.

Asali: daga Latin *imperator*, wato mai ba da umarni, kirarin da dakarun Rum ke yi wa kwamandan da ya ci yaƙi. Kalmar ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci.

Duba kuma: kaiser, tsar, sultan.