Chari Maigumeri: Soja a Ƙarƙashin Tuta Biyu

Cikin tsofaffin sojan Nijeriya da wuya a sami mai labari irin na Chari Maigumeri, mutumin Barno. A 1913, yana saurayi, ya shiga sojan Jamus a Kamaru, ya yi ta yaƙi da Ingilishi har aka ci Garwa a 1915, aka kama shi.

A 1917 sai ga shi cikin kayan sojan waɗanda suka kama shi, aka kai shi Afirka ta Gabas yaƙi da iyayengijinsa na dā. Mai kiran wannan cin amana bai fahimci zamanin ba. Da Jamus da Ingilishi duk baƙi ne gare shi, soja kuwa sana'a ce.

Ya zama Sajamanja, wato shi ne tsakanin hafsoshi Turawa da ƙananan soja. Da Hausa ake wannan aiki, ko da yake ba ita ce harshen Barno ba. A Yaƙin Duniya na Biyu ya sami lambar jaruntaka wajen yaƙin Habasha, ya kuma je Bama. Ya bar aiki a 1953, bayan shekara 36, aka girmama shi da muƙamin Kyaftin. Da sunansa ake kiran barikin soja na Lokoja.