Tafkin Chadi, Inda Ruwa Ke Zuwa da Hunturu

A ƙasar Hausa, da kaka ta yi aka tura gero da dawa rumbu, sai kududdufai su fara janyewa, hazo ya sauko, samari su ɗaure kayan cin rani. A bakin Tafkin Chadi ba haka abin yake ba. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logone yake fitowa, su kuwa can kudu suke ɗebo shi, daga Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa, ya yi watanni yana ratsa fadamu kafin ya iso. Sai damina ta ɗauke, hunturu ya fara kaɗawa, sannan tafkin ke cika, ya kai maƙura tsakanin Nuwamba da Janairu. A ganina wannan jinkiri ya fi kowane sarki ko gwamna tasiri a tarihin mutanen wurin, domin ya ba su shekarar aiki ta biyu daidai lokacin da maƙwabtansu ke ajiye fartanya.

Kowace al'umma da yadda ta ci moriyarsa. Barebari da Shuwa sukan dasa dawar masakwa a ƙasar firgi bayan ruwan sama ya ɗauke, ta rayu da laimar da yumɓu ya riƙe, a girbe ta wajen Fabrairu. Kanembu na yankin Bol sukan datse rassan tafkin da ke tsakanin jigayi, su shuka alkama a cikin sanyi. Buduma na tsibirai suna kora shanunsu na Kuri, masu manyan ƙahoni, su yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan, kuma su ne suka daɗe suna fiton kanwa daga gabar gabas zuwa Baga, fatake su wuce da ita Kukawa da Kano. Masunta Hausawa daga baya suka yawaita, musamman da komar roba ta bazu a shekarun 1960. Kifi na bin sabon ruwa cikin ciyayi, su kuma su jera gura su tare shi, banda ta bi ta Maiduguri har kasuwar Anaca.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne: tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya rabe biyu a farin 1973, na 1984 kuma ya ƙara rage shi. Asarar ta auku, ba musu. Sai dai tafkin bai taɓa zama da gaɓa ɗaya ba. Matafiyi Barth ya ba da labarin ruwa ya ci garin Ngornu a shekarun 1850, Tilho na Faransa kuwa a farkon ƙarni na 20 ya tarar da gefen arewa a ƙafe. Da ruwan ya ja baya bayan 1973, mutane bin sa suka yi, suka kafa sababbin ƙauyuka, masunci ya koma shuka masara da wake a ƙasar da ya saba jefa koma. Wanda ya tagayyara shi ne babban aikin noman rani na Marte da gwamnatin Najeriya ta gina a shekarun 1970, bisa zaton ruwan zai tsaya inda injiniyoyi suka same shi. Ruwa ya tafi ya bar magudanar a tudu.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, wato bin ruwa ba ya sanin iyaka. Haka ne. Masunta daga Najeriya sun bi shi har Darak, aka yi ta jayayya da Kamaru sai da Kotun Duniya ta ba ta yankin a 2002, ga kuma rigimar manomi da makiyayi a kan ɗanyar ƙasar da ruwa ya bari. Amma ko a nan, abin da ya yanke wa jama'a shekararsu ta biyu ba fari ba ne. Harin Boko Haram a Baga a Janairun 2015, da hana kamun kifi da fataucinsa da sojoji suka yi, su suka tara dubban masunta da manoma a sansanonin Maiduguri da Diffa, alhali ruwan Shari bai fasa isowa a kan lokacinsa ba.