Baƙar Juma'a Biyu

Yau idan aka ce Baƙar Juma'a, abin da ke zuwa a zuciya shi ne garaɓasa: wayar dubu ɗari ta koma tamanin. Al'adar Amurka ce, ranar da ke bin bikinsu na godiya a watan Nuwamba, kuma 'yan sandan Filadelfiya ne suka yaɗa sunan saboda cinkoson masu sayayya. Amma Landan ta riga ta yi tata Baƙar Juma'ar tun ranar 11 ga Mayu, 1866, ita ma a kan ragi, sai dai wani iri daban.

A ƙarni na 19 yawancin fatauci da takardar bashi ake yi. Ɗan kasuwa ya sayar da auduga, a ba shi takarda cewa za a biya shi fam 100 bayan wata uku. In yana bukatar kuɗi yau, sai ya kai ta Titin Lombard, dillali ya ba shi, misali, fam 98, ya riƙe takardar har lokacinta. Fam biyun nan ba kirki ba ne irin na mai tumatir da ya yi maka gyara. Kuɗin jira ne, da kuɗin shakka: gwargwadon rashin amincin wanda ya sa hannu, gwargwadon abin da za a zabtare.

Babban gidan wannan sana'a shi ne Overend, Gurney. Da ya bar takardun gajeren zango ya zuba dukiya a jiragen ruwa da layin dogo, asara ta cinye shi. Bankin Ingila ya ƙi ceto shi, ya rufe ƙofa ranar 10 ga Mayu da bashin kusan fam miliyan 11. Washegari jama'a suka cika titin suna neman kuɗinsu, har Bankin ya ɗaga kuɗin ruwansa zuwa kashi 10 cikin ɗari.

Malaman fiƙihu sun daɗe da gane cewa ragin nan biyu ba ɗaya ba ne. Rangwamen farashi halal ne ba gardama. "Rage mini in biya ka da wuri" kuwa, Malikiyya sun hana, ko da yake an ruwaito halascinsa daga Ibn Abbas. A 1992 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yarda da shi tsakanin mai bashi da wanda ake bi, muddin ba a sharɗanta tun farko ba, amma ta haramta sayar wa banki takardar da ragi.

A ganina, ragin dillalin Lombard ya fi kusa da wanda muke yi a hira. Idan wanda aka sani da sa gishiri ya ce mutum dubu sun zo ɗaurin aure, kowa zai cire masa rabi a zuci, ba tare da ya ce uffan ba. Kalmar rangwame kuwa mun kai ta har ɗakin majinyaci, inda ake tambayar jiki, a ce da rangwame.