Waƙa Ba Suna: Nazari Kan Rikicewar Bayanan Sauti a Memorin Waya

A Auyo da Haɗeja, kamar sauran garuruwan Jigawa, mutane da yawa a shagon caji suke samun waƙa da wa'azi. Mutum ya miƙa memori, a tura masa Shata da Ɗanƙwairo da tafsiri, ya biya ya tafi. Sai ya buɗe manhajar sauraro ya tarar da waƙoƙi jere ba sunan mawaƙi, tafsirin ranar goma kuma ya riga na ranar biyu. Akan ɗora laifin a kan waya, alhali matsalar tana cikin fayil.

Fayil ɗin MP3 yana da suna iri biyu. Akwai na waje, wanda ake gani a folda, akwai kuma bayanan da aka dasa a cikinsa, wato tambarin ID3. Kamar buhun shinkafa ne da aka yi wa rubutu a baya, sannan aka jefa takardar mai shi a ciki. Manhajar sauraro takardar ciki take fara dubawa, shi ya sa gyaran sunan waje kaɗai ba ya kashe matsalar.

Tsarin farko, ID3v1 na 1996, guri ne ɗan ƙarami a ƙarshen fayil, inda sunan waƙa da na mawaƙi kowanne ba ya wuce harafi 30. Wanda ya rubuta "Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina" zai ga an datse shi a "Kats". A 1998 aka fito da ID3v2, wanda ya ɗauke wannan ƙunci. Sai dai fayil ɗaya yana iya ɗaukar tamburan biyu, su saɓa wa juna: wata manhaja ta karanta tsohon, wata ta karanta sabon. Maganinsa a goge tsohon.

Matsala ta biyu ta fi shafar Hausa. Tsarin haruffa na ISO-8859-1, wanda aka gina wa harsunan Yammacin Turai, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Idan an adana "Narambaɗa" da shi, sai alamar tambaya ta zauna a gurbin ɗ. ID3v2.3 yana karɓar UTF-16, ID3v2.4 na shekarar 2000 kuma ya ƙara UTF-8, dukansu suna riƙe baƙaƙenmu. Na 2.3 ne ya fi shiga tsofaffin na'urori.

Ta uku daga hannun mutane take. "Shata" da "Mamman Shata" da "Dr Shata" mawaƙa uku ne a wurin manhaja. Wasu shafukan intanet kuma sukan cusa sunansu a gurbin mawaƙi don talla. WhatsApp yakan sauya sunan sautin da aka turo zuwa AUD da kwanan wata da lamba, to idan tambarin ciki fanko ne, babu sauran shaida. Tafsiri kuwa, don ya jeru daidai, a cike gurbin lambar jeri, a kuma rubuta 01, 02 a sunan fayil. Manhajoji kamar Mp3tag da Kid3 suna gyara fayiloli da yawa a lokaci guda. Bayan gyara sai a sa waya ta sake binciken memori, domin takan riƙe tsohon bayani.

Akwai inda na'ura ba ta da ta cewa. Manhajar MusicBrainz Picard tana gane waƙa ne idan wani ya riga ya shigar da ita a rumbun intanet. Wasan da aka naɗa a kaset a gidan biki, ko kiɗan fada, ko wa'azin malamin unguwa, da wuya a same su a can. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, waɗanda suka halarci wasanninsu kuma suna ta raguwa. Mutanen Auyo sun san zafin irin wannan asara, tunda Auyokanci, harshen kakanninsu, ya riga ya ɓace.

Saboda haka mai shagon tura waƙa ma'ajin tarihi ne, ko ya sani ko bai sani ba. Idan ya gyara fayil ɗaya a kwamfutarsa, duk memorin da ya biyo ta hannunsa zai fita da gyaran. Ya rubuta mawaƙi da wanda aka yi wa waƙar da garin da aka naɗe ta, ya tambayi dattawa abin da ya shige masa duhu, tun suna nan.