Zanen Truman a Bangon Garin Kyuba na Jihar Mizuri

Kyuba ƙaramin gari ne a jihar Mizuri ta Amurka, kimanin kilomita 130 kudu maso yamma da birnin St. Louis, kuma mazaunansa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. An kafa shi a 1857, aka ara masa sunan tsibirin Kyuba. Abin da ya fito da shi a yau shi ne manyan zane-zanen da ke jikin gine-ginensa, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke tuna zuwan Harry Truman garin a 1940.

A waccan shekarar Truman sanata ne mai neman wa'adi na biyu, kuma yana cikin tsaka mai wuya. Ubangidansa na siyasa, Tom Pendergast, ya shiga kurkuku a 1939 kan ƙin biyan haraji, ga gwamnan jihar, Lloyd Stark, ya fito yana neman kujerar a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat. Kuɗin kamfe ya yi ƙaranci, sai Truman ya shiga mota yana bin ƙananan garuruwa ɗaya bayan ɗaya.

Yadda mutanen Kyuba ke ba da labarin, ya hau kan wani akwatin lemon kwalba ya fara jawabi, amma jama'a sai wucewa suke yi, babu mai tsayawa. Da ya tambayi dalili, aka ce masa ai yau ranar bikin gari ce, kowa can ya nufa. Sai ya sauko, ya ɗauki akwatinsa, ya bi su filin bikin ya yi jawabinsa a can. A watan Agusta ya kayar da Stark da ratar ƙuri'u kusan dubu takwas kacal. Ya zama mataimakin shugaban ƙasa a Janairun 1945, sannan ya gaji Shugaba Franklin Roosevelt ranar 12 ga Afrilu na shekarar.

Shi kuwa zanen, sai bayan shekara sittin da wani abu aka yi shi, kuma dalilinsa na da nasaba da hanya. Babbar hanya mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Chicago zuwa Kalifoniya, ta ratsa tsakiyar Kyuba, ta ciyar da masu masauki da gidajen mai da na abinci. Da aka gina sabuwar hanya mai lamba 44, matafiya suka daina bi ta cikin gari, kuma a 1985 gwamnati ta soke tsohuwar daga jerin manyan hanyoyin ƙasa. Wata ƙungiyar masu kishin gari mai suna Viva Cuba ta ga cewa dole a samo abin da zai sa baƙo ya taka birki. A 2001 bankin garin ya ɗauki nauyin zanen farko domin cikar bankin shekara ɗari, ƙungiyar ta ɗora daga nan, da burin kammala goma sha biyu kafin garin ya cika shekara 150 a 2007.

Sauran zane-zanen sun haɗa da na matuƙiyar jirgin sama Amelia Earhart, wadda ta yi saukar gaggawa kusa da garin a 1928, da na 'yar fim Bette Davis. Na Truman dai ya sha bamban, domin yawancin garuruwa kan zana shugaba a ranar da aka yi masa gagarumar tarba, su kuwa mutanen Kyuba ranar da suka wuce shi yana magana suka zaɓa. Tun 2002 majalisar dokokin Mizuri ta ba garin laƙabin birnin zanen bango na hanya mai lamba 66.